Diyyar ma'aikaci a Damagaram, hakkin da jira ke cinyewa

Duk wanda ya san Damagaram ya san gari ne da aka kafa bisa dutse, da ruwa kaɗan da ƙarfin damtse mai yawa. Tun daga zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara maƙera suka zuba masa igwa, ayarin Tarabulus suka riƙa sauke haja a Zango, har ya zuwa yau da ake tace man Agadem a matatar SORAZ da aka buɗe a Nuwamban 2011 bisa hanyar Tanut, babu wani arzikin da ya taɓa shigowa ƙasar nan face sai da wani ɗan talaka ya ɗauke shi a ka, ko ya sa hannunsa kusa da wuta dominsa. Inda kuwa aka sami aiki, lalle a sami rauni. Magini yakan faɗo daga tsani, mai fasa dutse tsakuwa takan tashi ta shige masa ido, mahaƙin rijiya ƙasa takan rufta masa, ɗan dakon Kasuwar Dole buhu yakan karya masa ƙugu, yaron mota kuwa ba ya ƙidaya ranakun da ya tsallake ajali tsakanin Matamaye da Magarya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ke biyo bayan raunin, watau wahalar da mai rauni ke sha da dukiyar da yake ɓatarwa kafin diyyar da doka ta riga ta yanka masa ta iso hannunsa, in ma ta iso.

Mutane da yawa suna zaton babu wata doka a kan wannan al'amari, alhali kuwa dokar ta girmi yawancin masu wannan zato. Jamus ce ta fara kafa inshorar haɗarin aiki a 1884, Faransa ta bi ta da dokar 9 ga Afrilu 1898, wadda ta ɗora wa mai ba da aiki lamunin raunin ma'aikacinsa ko da bai yi laifin kome ba. Amma wannan rahama ba ta ƙetaro hamada da wuri ba, gama kakanninmu sun yi ta fasa hanyoyi da gina barikoki da aikin tilas, ba lada ba diyya, har sai da aka soke shi a 1946. Dokar ƙwadago ta ƙasashen mulkin mallaka ta zo a 1952, ta diyyar haɗarin aiki a 1957, sa'an nan bayan samun mulkin kai aka kafa asusun CNSS a 1965, aka danƙa masa wannan amana tare da ta kuɗin iyali da ta fansho. Nijar ta kuma rattaba hannu a 1966 bisa yarjejeniya mai lamba 102 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta karɓi sashen da ya shafi raunin aiki. Ashe alkawarin ya kai shekara sittin.

Abin da dokar ta tanada kuwa, in an dube shi da idon adalci, ba abin rainawa ba ne. Ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aikinsa, ko a hanyarsa ta zuwa aiki da komowa gida, asusun ne ke ɗaukar nauyin magani da tiyata da kwanciya asibiti da ƙafar roba in ta kama. Muddin yana jinya ana ba shi rabin ladansa na yini har kwana 28, daga nan a ɗaga zuwa kashi biyu cikin uku. In raunin ya bar masa naƙasa, likita ya kimanta ta bisa ɗari, a raba abin da bai wuce 50 ba gida biyu, abin da ya haura 50 a ƙara masa rabinsa. Wanda aka kimanta naƙasarsa 60 ke nan zai riƙa karɓar kashi 40 cikin ɗari na albashinsa. In kuwa rai ya yi halinsa, matar mamacin tana da kashi 30, in matan sun fi ɗaya su raba daidai, marayu kuma kowanne da rabonsa. Duk wannan ba a cire wa ma'aikaci ko dala ɗaya dominsa, mai ba da aiki ne ke zuba kashi 1.75 cikin ɗari na albashi. Wanda ke karɓar mafi ƙanƙantar albashi, watau jika 42 tun daga Janairun 2024, abin da ake zuba masa na haɗarin aiki a wata sefa 735 ne, dala 147 ke nan a lissafinmu na kasuwa.

To, ina gizo ke saƙa? Yana saƙa ne a tsakanin ranar da mutum ya faɗi da ranar da kuɗi suka shiga hannunsa. Doka ta ba mai ba da aiki sa'a 48 ya sanar da asusun da sufeton ƙwadago, kuma wannan wa'adi mai kyau ne. Amma mai gidan da bai yi wa yaronsa rajista ba tun farko ya san sanarwar tonon asirin kansa ce, sabili da haka sai ya ɗauki yaron a asirce ya kai shi wurin maɗori, ya biya kuɗin ɗori, ya aika da tiyar hatsi da 'yan jikuna gidansa, ya ce Allah ya kiyaye gaba. Ban raina maɗoranmu ba, sun tsayar da ƙafafun da ba su ƙidayuwa, sai dai hannunsu ba ya ba da takarda, asusun kuwa da takardar likita kaɗai yake aiki: ta farko da ke siffanta raunin ran da ya auku, da ta ƙarshe da ke shaida ya warke ko ya tsaya inda zai tsaya. Wanda ya rasa ta farkon, in bayan wata huɗu ƙafar ta ɗoru a karkace, da wace hujja zai tabbatar cewa a bakin aiki ya karye?

Wanda ma aka yi wa rajista, aka kuma sanar a kan lokaci, bai tsira ba tukuna. A ce ma'aikacin yana Gure, wajen kilomita 160 gabas da birni, ko yana Tanut, ko can cikin Tasker inda mota ba ta tashi kullum. Sai ya zo Damagaram ganin likita, ba kuwa shi kaɗai ba, domin mai karaya ba ya hawa mota sai da mai riƙe shi. Kuɗin mota na mutum biyu ke nan, da abincinsu, da masauki in babu dangi. Ya iso a ce wata takarda ta rage, ko sa hannun mai gidansa, ko shaidar albashin watan da ya gabata, ya koma ya dawo. Kowace dawowa tana cin abin da ya fi ladan kwanakin da ake jira a biya shi, kuma cikin wannan hali iyalinsa ba su daina cin abinci ba, mai haya bai daina ƙwanƙwasa ƙofa ba. Sai a sayar da akuya, a bi da keken ɗinkin matar, a jinginar da gona. Ran da kuɗin suka fito, masu bashi ne ke tsaye a ƙofa suna jiransu. Ga gwauruwa kuwa abin ya fi tsanani, domin za a nemi takardar aure da takardun haihuwar 'ya'ya, alhali an ɗaura auren a zaure gaban liman da shaidu, 'ya'yan kuma ungozoma ce ta yanke musu cibi. Sai ta fara bin kotu neman hukuncin da zai maye gurbin takardun, tana cikin takaba. Irin wannan diyya kamar ruwan da aka ɗebo daga nesa ne a tulu mai tsaga: an ɗebo da gaske, an kuma sha tafiya da gaske, amma abin da ya iso gida bai kai a jiƙa gari ba.

Shi ya sa da yawa ba sa ma farawa. Wasu kunyar ubangida ke hana su, wasu tsoron kora, wasu kuma an gaya musu ƙaddara ce, neman diyya rashin tawakkali ne. Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta fi ci mini rai, domin an jingina ta ga addini alhali addini ya barranta daga gare ta.

Duk almajirin da ya kai babin jini da haddi a Risalar Ibn Abi Zaid, ko ya zauna gaban malami ana warware masa Muhtasar na Halil, ya san fuƙaha'un mazhabarmu ta Malikiyya ba su ɗauki gaɓar ɗan Adam abin banza ba. Diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1000, ko dirhami 12,000. Hannu ɗaya rabin diyya ne, haka ƙafa ɗaya, haka ido ɗaya; kowane yatsa raƙuma 10, kowane haƙori raƙuma 5. Raunin da ba a yanka masa adadi ba, alƙali ya sa masana su kimanta shi, shi ake kira hukuma. Ba su kuma yarda a yanke diyyar rauni ba sai ya warke an ga inda ya tsaya, wanda shi ne ainihin abin da likitan asusu ke yi yau da takardarsa ta ƙarshe. Abubuwa uku ne nake so mai karatu ya lura da su cikin wannan tsari. An san adadin tun kafin raunin ya auku, ba a bar shi ga ciniki tsakanin mai ƙarfi da mara ƙarfi ba. An ɗora nauyin kuskure bisa jama'a, watau aƙila, dangin mai laifin ko abokan diwaninsa, matuƙar abin ya kai sulusin diyya, don kada mutum ɗaya ya durƙushe, kada kuma mai hakki ya tashi hannu wofi sabili da talaucin wanda ya raunata shi. An kuma yanka wa mai biya ajali: cikakkiyar diyya shekara uku, rabinta shekara biyu, sulusinta shekara ɗaya. Wanda yake da halin biyan hakki ya yi ta jan ƙafa kuwa, malamai ba su yi saɓani ba cewa azzalumi ne.

Na san akwai malamin da zai tsayar da ni a nan, kuma yana da hujja. Zai ce littattafan nan da na ambata su ne suka hukunta cewa wanda aka ɗauka ijara ya haƙa rijiya ko ma'adini, ƙasa ta rufta masa, babu lamuni a kan wanda ya ɗauke shi. Haka ne, hukuncin sananne ne. Amma a duba iyakarsa: ya ɗauke lamuni ne daga mutumin da bai yi sakaci ba, bai ɗauke shi daga wanda ya ba magini ruɓaɓɓen tsani ba, ko wanda ya tura yaro cikin rami alhali ya ga bakinsa ya tsage. Sa'an nan hukuncin bai hana jama'a su yi tanadi domin wanda ƙaddara ta faɗa wa ba tare da laifin kowa ba, bal ma wannan gurbin ne asusun ya zo ya cike. Mai mulki ya wajabta shi domin maslaha, mai ba da aiki kuma ya ɗauki ma'aikaci bisa wannan sharaɗi, sharaɗin da bai halatta haram ba kuwa cika shi wajibi ne. Ma'aikacin da ya nemi diyyarsa bai yi jayayya da ƙaddara ba, kamar yadda wanda ya nemi magani bai yi ba.

Daga cikin abubuwa ukun nan, dokarmu ta zamani ta riƙe biyu: adadi sananne ne, mai biya kuma asusun jama'a ne. Na ukun, watau ajalin da ke kan mai biya, shi ne nake ganin ya kamata a ƙarfafa har talaka ya san shi kamar yadda ya san ranar kasuwa. In mai ba da aiki yana da sa'a 48, to asusun ma a yanka masa kwanakinsa, a rubuta su a bangon ofis, a faɗe su a rediyo: daga ran da takardar likita ta farko ta shiga, kuɗin jinya su fita cikin kwana kaza, in ba su fita ba a biya mai rauni da ƙari. Ra'ayina ma ya wuce nan. Inda ma'aikaci yake da rajista, likita ya ga rauni, shaidu biyu suka ce a bakin aiki ya auku, a fara biya, bincike ya biyo baya. Asusun yana da dukiya da ma'aikata da lauyoyi, yana iya jure kuskuren biyan mutum ɗaya da bai cancanta ba ya kuma karɓo abinsa daga baya. Mai karaya da 'ya'ya shida ba ya iya jure wata uku babu ko sisi. Tun da dai jira ba makawa sai wani ya ɗauki nauyinsa, adalci shi ne a ɗora shi bisa wanda ya fi ƙarfin ɗauka. Haka kuma in mai gida ya ƙi zuba kuɗin da ke kansa, rigimar tsakaninsa da asusun take, a biya yaron, a bi mai gidan da tara.

Sai kuma nisa. Tsakanin Damagaram da Yamai kusan kilomita 900 ne, kuma duk takardar da sai ta yi wannan tafiya kafin a sa mata hannu, ta ƙara wa mai ita makonni. Garin da ya riƙe babban birnin ƙasa har 1926, yake da babban asibitin ƙasa da jami'a, bai rasa likitoci da ma'aikatan da za su yanke hukuncin yatsa ko ƙafa a nan inda aka ji raunin ba. A bar wa ofishin jiha ikon ƙarasa yawancin shari'o'in, a karɓi takardar likitan Gure da na Magarya da na Tanut ba tare da an sa majinyaci ya hau mota ba, a sa rana ɗaya a wata da likitan asusu zai zagaya gundumomi. Kuɗin kuma a aika su ta hanyar da ɗan cirani ke aiko wa uwarsa kuɗi daga Agadas ko Yamai su iso a yini ɗaya, ta Nita ko Al Izza ko wayar hannu. Takardar aure da ta haihuwa, a karɓi shaidar liman da mai unguwa a fara biyan gwauruwa da ita, ta kawo hukuncin kotu daga baya.

Akwai kuma harshe. Kundin mulkin ƙasa da aka ƙaddamar a Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, kuma ban ga inda wannan daraja za ta fara amfanin talaka ba fiye da takardar da zai dangwala wa yatsa yana kwance a gadon asibiti. A fassara takardar sanarwar haɗari, da boko da ajami, a shafi guda. Mutumin da ya karanta hakkinsa da harshensa ba ya bukatar ɗan tsakiyar da zai ce ya san wani a ofis, a ba shi na goro.

Duk abin da na faɗa ya shafi wanda sunansa ke cikin littafin asusu ne, alhali mafi yawan masu zufa a Damagaram ba sa ciki: masu fasa dutse na bayan gari, da 'yan ga-ruwa, da 'yan kabu-kabu, da yaran gareji, da leburorin da ɗan kwangila ke ɗiba da safe ya sallama da yamma. A nan sai a yi wa ƙananan masu gida adalci su ma. Wanda ya je rajista ba kashi 1.75 kaɗai zai zuba ba, har da na iyali da na fansho, jimla kashi 16.4 cikin ɗari, kusan jika bakwai a wata a kan yaro ɗaya mai mafi ƙanƙantar albashi. Mai walda a Sabon Gari da yara huɗu, wanda shi kansa bai san abin da gobe za ta kawo ba, yana jin wannan adadi sai ya juya baya. Shawarata ita ce a buɗe wa irinsu ƙofar haɗarin aiki ita kaɗai tukuna, da kuɗi kaɗan sananne a kan kowane yaro, sauran su biyo baya in sana'a ta yi ƙarfi. Ba kuwa sai an ƙirƙiro masu tara kuɗin ba. Kowace sana'a a ƙasar nan tana da shugabanta tun zamanin sarakuna, magina da maƙera da mahauta da majema, yau kuma ga ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kabu-kabu masu karɓar kuɗin tasha kowace safiya. Su ne aƙilar wannan zamani, su suka san wanda ya faɗi da ranar da ya faɗi, kuma in fadar Mai Alfarma Sarkin Damagaram ta kira su ta ɗora musu wannan aiki, za a ji. Manyan 'yan kwangila kuwa, masu cin aikin gwamnati da na kamfanonin mai, ba su da uzurin mai walda. Kada a sake musu kuɗin kwangila sai sun kawo sunayen leburorin da ke bakin aikin ɗaya bayan ɗaya, har da na yini, tare da shaidar an zuba musu. Maƙwabtanmu na Najeriya sun sake tasu dokar a 2010, suka ɗora kashi 1 cikin ɗari bisa masu ba da aiki, amma leburan Kano da ba a rubuta sunansa ba yana nan inda ɗan'uwansa na Damagaram yake.

Kafin mahukunta su motsa, akwai abin da ke hannunka, ya kai mai karatu. In kana aiki a ƙarƙashin wani, tambaye shi lambarka ta asusu tun kana da lafiya, ka kuma je ofis ka tabbatar ana zubawa. In rauni ya same ka ko ya sami ɗanka, ko da za ku ƙare wurin maɗori, ku fara biyawa ta asibiti a ranar a rubuta takarda, ku riƙe sunayen mutum biyu da suka gani. In mai gida ya ƙi sanarwa, doka ta ba ka, ko magadanka, damar sanarwa da kanku har shekara biyu daga ranar haɗarin, sufeton ƙwadago yana nan a birni, shigar da ƙara a kotun ƙwadago kuma kyauta ne. In kuwa kai ne mai gidan, ka je ka rubuta sunayen yaranka cikin wannan wata, tun ba a kawo maka ɗayansu a kan tabarma ba.